Sarkin Zuma Ko Uwar Zuma? Yadda Ake Ceton Gungun Zumar da Ake Shakka a Kansa



Na san akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa suka ce a ransu, "Me ya haɗa malamin Hausa da ƙudan zuma? Ai wannan aikin mutanen Samaru ne." Ban ga laifinsu ba. Ni kaina ba kiwon zuma na karanta ba, kalma ce ta kai ni bakin amya, kuma a kan kalma guda jawabin nan zai tsaya. Abin da nake so in nuna shi ne, sunan da muka ba wani abu yakan sa mu nemi abin ta hanyar da ba za mu same shi ba, har mu yi asara.

Mafarin magana

A wani rani na tafi Kutama, cikin ƙasar Gwarzo, yamma da birnin Kano, don in tattara kalmomin masu sana'ar ɗora amya. Aka haɗa ni da wani dattijo da ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa. Muna zaune a zaurensa da hantsi sai ga wani saurayi, malamin makarantar firamare, ya yi sallama ya durƙusa ya gaishe mu. Ya ce kwana biyar da suka wuce gungun zuma ya sauka a reshen tsamiya bayan makaranta, yara suka firgita. Shi kuwa da ma ya sa kafinta ya yi masa akwatin kiwon zuma irin na zamani, yana ajiye ba kowa a ciki. Sai ya tara kwali ya kakkaɓe reshen, da magariba ya juye su cikin akwatin ya kai gona. Tun ran nan sau uku yana buɗewa yana duba su ɗaya ɗaya, bai ga sarkinsu ba.

Ya ce, "Baba, anya kuwa da sarki a cikin zumar nan? An ce mini in ba shi duk mutuwa za su yi."

Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, ni da na tsufa ina hawan ɗorawa, sau nawa ka ji na ce na ga sarkin zuma? Zumar da take rabonka za ta zauna, wadda ba rabonka ba ta tashi."

Kowannensu yana da gaskiya, kowanne kuma da abin da ya rage masa. Saurayin ya yi daidai da ya damu, domin gungun da ba shi da wannan halitta ba ya wuce 'yan makonni. Dattijon ya yi daidai da ya ce ganinta da ido ba shi ne ma'auni ba. Abin da ya rage shi ne hanya ta uku, wadda ba zura ido ba ce, ba kuma yawan buɗe akwati ba ce.

Abin da amya ta ɓoye mana

Amyarmu ta gargajiya, kamar yadda da yawanku suka sani, saƙa ta ake yi da ciyawa, doguwa, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a ɗora a giccen ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya. Mai amya ba ya kamo zuma, jira yake ta shiga da kanta. In lokacin ɗiba ya yi sai a hau da dare da wutar ciyawa, shi ya sa ake cewa zuma sai da wuta. Wannan dabara ta ciyar da gidaje shekaru aru-aru, kuma masu ita sun san lokacin furen kowace bishiya da ɗanɗanon zumarta. Sai dai ƙudan zuma suna manna saƙarsu a jikin amya, ba yadda za a ciro saƙa guda a duba a mayar. Saboda haka iyayenmu sun san zuma ta waje ƙwarai, amma cikin ɗakinta da rana tsaka kaɗan ne suka leƙa.

A shekarar 1851 wani Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya lura cewa in aka bar tazarar da ba ta wuce milimita 6 zuwa 9 ba tsakanin saƙa da saƙa, ƙudan zuma ba sa cike wurin da kaki, hanya suke mai da shi. Daga nan aka sami akwatin da ake zare saƙa a duba a mayar. Daga baya, wajen farkon shekarun 1970, aka fito da wani mai sauƙin kuɗi da ake kira amyar Kenya, watau dogon akwati mai sanduna jere a bisa, kowace sanda faɗinta kamar milimita 32, kowace kuma saƙa guda ke rataye a jikinta. Irin wannan ne malamin Kutama ya mallaka. Da zuwan akwatin sai sabuwar al'ada ta zo, ta kamo gungu daga reshe a zuba, da ita kuma sabuwar tambaya: shin an kamo da shugabar ko an baro ta?

Sarki ne ko uwa?

Bahaushe ya ce sarkin zuma. Ba shi kaɗai ya faɗi haka ba. Aristotle na ƙasar Girka, tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, sarki ya kira wannan halitta. Larabawa suna ce mata ya'asub, suna ɗaukarta namiji, amirin ƙudan zuma. Kowa ya ga ƙwaro guda da ya fi saura tsawo, jama'a na kewaye da shi, in ya tashi a bi shi, sai ya tuna da fada. Masu nazarin Larabci a cikinku za su tuna cewa a Suratun Nahli, aya ta 68 da ta 69, umarnin da aka yi wa ƙudan zuma da sigar mace ya zo, kuma lalle duk masu fita neman abinci da masu gina saƙa mata ne.

A Turai wani mutumin Spaniya, Luis Méndez de Torres, ya rubuta a 1586 cewa sarkin nan mace ce kuma ita ke yin ƙwai. A 1609 Charles Butler na Ingila ya buga littafin da sunansa ke nufin mulkin mace. Cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 17 Jan Swammerdam na Holanda ya feɗe ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga mahaifar ƙwai a cikinta, gardama ta ƙare. François Huber, wani makaho ɗan ƙasar Suwizalan wanda baransa ke yi masa gani, ya bayyana a 1792 cewa ba a cikin amya take barbara ba, fita take ta sadu da maza a sararin sama. A 1845 Johann Dzierzon ya gano cewa ƙwan da ya sami barbara mace yake fitarwa, wanda bai samu ba namiji.

Turawa sun koma ce mata sarauniya, mu ma ƙasar Daurama da Amina ba za mu yi mamakin sarauniya ba. Amma ko wannan sunan bai cika ba, domin ba ta ba da umarni. Ba ita ke zaɓen inda gungu zai koma ba. Martin Lindauer na Jamus ya nuna cikin shekarun 1950 cewa 'yan leƙen asiri ne daga cikin ma'aikata ke fita su duba koguna, su dawo su yi rawa a jikin gungu, har ra'ayi ya haɗu a kan wuri guda. Aikinta biyu ne. Na farko ƙwai, wanda a lokacin yalwa takan zuba fiye da 1,500 a rana. Na biyu wani sinadari mai ƙanshi da ke fita daga jikinta, wanda Colin Butler na tashar bincike ta Rothamsted a Ingila ya yi bayaninsa a 1954. Ma'aikata suna lasarsa a jikinta suna miƙa wa juna baki da baki, ta haka kowa ke sanin tana raye. In ta ɓace, cikin 'yan sa'o'i gida duka ya sani.

Saboda haka a sauran jawabin nan uwa zan riƙa ce mata. Wannan ba gyaran ƙamus kawai ba ne. Wanda ke neman sarki fuskarsa yake so ya gani, shi ya sa malamin nan ya yi ta buɗe akwati. Wanda ke neman uwa kuwa ya san ko ba ta tsakar gida, 'ya'yanta za su nuna tana nan.

Gungu iri biyu

Idan amya ta cika, abinci ya yalwata, kamar lokacin da gawo ya yi fure a farkon rani, ko mangwaro da kaɗanya da ɗorawa suka biyo baya, sai gida ya rabu biyu. Tsohuwar uwa ta fita da kusan rabin jama'a, ta bar wa sauran 'ya'yan da ake reno don su gaje ta. Wannan shi ne gungun fari. Uwarsa ta riga ta yi barbara, saboda haka da zarar an gina 'yar saƙa, cikin kwana biyu zuwa huɗu, sai ta fara ƙwai.

Bayan mako guda ko fiye, in gidan na da ƙarfi, wani gungu yakan sake fita, yawanci ƙarami, da sabuwar uwa budurwa wadda ba ta yi barbara ba. Ita siririya ce, mai sauri, tana ɓuya a lungu, ko gwani yakan duba sau uku bai gan ta ba. Sai ta yi kamar kwana biyar ko shida da fitowa daga gurbinta kafin ta fita barbara, inda takan sadu da maza goma ko fiye, sa'an nan bayan kwana biyu ko uku ta fara ƙwai. In iska ko hazo ya tsare ta, abin yakan kai mako biyu har uku. Ke nan rashin ganin ƙwai a makon farko ba shaida ba ce ta maraici.

Akwai kuma abin da ya kamata ya kwantar wa mai kamu hankali. Gungun da ba shi da uwa ba ya daɗewa a dunƙule a reshe, watsewa yake ko ya koma gidan da ya fito. In ka tarar da shi a dunƙule lafiya lau, kusan tabbas tana ciki. Hatsarin yana wajen kamu: ta faɗi ƙasa cikin ciyawa, ko ta tashi sama, ko murfi ya danne ta. Hatsari na biyu yana wajen fita barbara, inda tsuntsu kan cafke ta, ko ta ɓata hanyar gida.

Alamomin da ake gani daga waje

Tun a ranar kamu zumar kan ba da labari. In ka kakkaɓe gungu cikin kwali, ka ajiye shi a gindin bishiyar ka ɗan bar ƙofa, ka koma gefe. In uwa tana ciki za ka ga wasu sun tsaya a bakin ƙofa sun ɗaga gindi sama suna kaɗa fiffike, suna watsa ƙanshin kira, sauran da ke sama suna sauka suna shiga a jere. In kuwa ta rage a reshe, kafin rabin sa'a za ka ga kwalin na raguwa, reshen na sake cika. Sai a sake kamu.

Bayan an zuba su a akwati, gidan da ke da uwa yakan natsu. Suna dunƙulewa a sama su fara farar saƙa, masu fita suna fita kai tsaye, bayan 'yan kwanaki kuma a ga suna dawowa da garin fure a ƙafafunsu, ja ko rawaya, alamar akwai jarirai ko ana sa ransu. Marayu kuwa sukan yi ta kai da kawowa a bakin ƙofa da jikin akwati kamar masu cigiya, in an buɗe a ji wani dogon gunji da ba ya sauka, ginin saƙa kuma ya yi rauni. Amma ina jan kunnenku, waɗannan duka zato ne. Yunwa ko zafin rana ko tururuwa kan sa gida mai uwa ya rikice haka nan.

Yawan buɗewa kuwa shi ne babban kuskure. Irin ƙudan zumar da muke da su a Afirka ta Yamma, waɗanda masana ke kira adansonii, sun fi na Turai saurin yin ƙaura. Gungun da bai riga ya yi 'ya'ya ba ba shi da abin da ya ɗaure shi a akwatinka. Ka dame shi da hayaƙi sau biyu sau uku, wata safiya ka tarar da akwati wayam.

A tambayi zumar da kanta

Yanzu ga hanya ta uku. Asalinta binciken wani limamin coci ne a Jamus, Adam Schirach, wanda ya nuna cikin shekarun 1760 cewa uwa da ma'aikaciya daga ƙwai iri ɗaya suke fitowa, reno ne ya bambanta su. Kowace 'yar tsutsa mace da ba ta wuce kwana uku da ƙyanƙyashewa ba tana iya zama uwa, in ma'aikata suka faɗaɗa mata gurbi suka cika ta da wata farar madara da ke fita daga kawunansu. A Kano in gadon sarauta ya zama ba kowa, Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ke zama su duba cikin 'ya'yan gidan sarauta, kuma mutanen Gwarzo sun san wannan sarauta ta ƙarshe sarai, tun da marigayi Alhaji Bello Dandago ya riƙe ƙasarsu da ita. A amya kowace jaririya 'yar gidan sarauta ce, masu zaɓe kuwa talakawa ne. Matsalar gungun da aka kamo ita ce ya baro jariransa a tsohon gida, ko yana so ya naɗa sabuwa ba shi da wadda zai naɗa.

To sai a ba shi. A je gida mai ƙarfi, a ciro saƙa guda mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi. Ƙwan fari ne siriri, ya fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta nesa, yana tsaye ɗaya ɗaya a gindin gurbi, sai an juya wa rana baya an karkata saƙar ake ganinsa. A share ƙudan da ke jiki da gashin kaza, a tabbata ba a ɗauko uwar wancan gida ba. A rufe saƙar da ɗanyen ƙyalle, kada rana ta buge ta, kada iskar hunturu ta busar da ita, domin cikin amya zafin wurin reno yana wajen digiri 35 ne kullum. A hanzarta a rataya ta tsakiyar gungun, a rufe, a tafi.

Bayan kwana uku a buɗe sau ɗaya, a duba wannan saƙar kaɗai. In marayu ne za a ga sun fara gina wasu manyan gurabe da ke leƙowa ƙasa daga fuskar saƙar, waɗanda in sun kammala suke kama da kwanson gyaɗa. Wannan ita ce amsarsu: ba mu da uwa, ga shi muna reno. In kuwa ba su gina komai ba, sun ci gaba da renon tsutsotsin kamar kullum, to akwai uwa a ciki ko da ba a gan ta ba, sai a ba ta mako biyu.

Kyan wannan dabara shi ne gwajin da maganin abu guda ne. In ba uwa, ka ba su abin da za su yi ta. In akwai, ba ka cuce su da komai ba, ka ƙara musu ma'aikata, ka kuma ɗaure su a akwatin, domin da wuya zuma ta tashi ta bar jarirai. Shi ya sa wanda ke da halin samun irin wannan saƙa tun ranar kamu, gara ya sa ta tun ranar. Wanda kuwa ya ji shakka ya sayo ko ya roƙo wata uwa ya jefa ciki ba tare da gwaji ba, in akwai budurwa a ɓoye, kashe baƙuwar za a yi.

Lissafin kwanaki

Ku ma'aikata kun san aiki ba ya tafiya sai da jadawali, to ga na zuma. A irin na Turai, daga ƙwai zuwa fitowa uwa kwana 16 take yi, ma'aikaciya 21, namiji 24. Namu na Afirka sukan rage kwana ɗaya ko biyu. Kwana ukun farko a ƙwai ake yinsu. Tun da marayu da 'yar tsutsa suke farawa, sabuwar uwa takan fito bayan kwana 10 zuwa 12 da sa saƙar. A ƙara mako guda na balaga da barbara, da 'yan kwanaki kafin ƙwai, ya zama mako uku zuwa huɗu. A ƙara wasu mako uku kafin 'ya'yanta na fari su fito. Jimla mako shida zuwa bakwai ke nan, alhali ma'aikaciya a lokacin aiki ba ta cika wuce mako shida a duniya ba.

Kun ga ke nan abin a ƙurace yake. Kowace rana gungun raguwa yake, ba mai maye gurbin wadda ta mutu. Saboda haka in an ga sun fara renon uwa, yana da kyau bayan mako guda a ƙara musu wata saƙa mai 'ya'yan da aka riga aka rufe, waɗanda suka kusa fitowa. Daga nan a bar akwatin kada a taɓa shi har mako uku, don budurwa mai shirin barbara ba ta son damuwa. A kuma lura ko akwai maza a gidajen da ke kusa, watau ƙudan nan masu kauri da manyan idanu marasa harbi. In lokacin yunwa ne an kore su, uwar da aka rena ba za ta sami barbara ba, wahalar ta tashi a banza.

Idan an makara

In gida ya daɗe ba uwa ba jarirai, mahaifar wasu ma'aikata takan farka su fara ƙwai. A na Turai wannan kan ɗauki mako biyu zuwa uku, a namu yakan zo da wuri, wani lokaci cikin kwana goma. Mai kiwo ya ga ƙwai ya yi murna, alhali alamar mutuwa ce. Ma'aikaciya ba ta barbara, don haka bisa ga abin da Dzierzon ya gano, duk ƙwanta maza ne, maza kuwa ba sa aiki. Ana gane ƙwanta da cewa uku ko huɗu ko fiye ne a gurbi guda, a manne a bango maimakon gindi, a warwatse ba tsari, in an rufe kuma murfin ya yi tozo. Iri ɗaya ne tak aka sani ya saba wa wannan doka, na yankin Kef a Afirka ta Kudu, wanda G. W. Onions ya nuna a 1912 cewa ma'aikatansa kan haifi mata. Namu ba sa yi.

Gidan da ya kai wannan hali yana ganin yana da uwa, ba ya karɓar baƙuwa, ba ya kuma saurin reno. Ana iya sa masa saƙa mai ƙananan tsutsotsi kowane mako har sau uku, ƙanshin jarirai ya danne masu ƙwan, sa'an nan su rena uwa. Amma wannan raunana gida mai lafiya ne don marar lafiya. In gungun ƙarami ne, abin da ya fi shi ne a haɗa shi da wani. Da yamma a kai akwatin gaban gida mai ƙarfi, a yi wa duka biyun hayaƙi, a yayyafa wa marayun ruwan sukari, a kakkaɓe su a ƙasa a ɗauke akwatinsu. Za su roƙi shiga, kuma mai zuwa da guzuri ba a cika korarsa ba. Gida ɗaya mai ƙarfi ya fi biyu masu rauni zuma.

Sauran hidima

Da uwa ko ba uwa, sabon gungu baƙo ne, yana da haƙƙin baƙunta. Guzurin zumar da ya sha kafin ya taso ba ya wuce kamar kwana uku, ginin kaki kuma yana cin abinci da yawa. A dama gwangwanin sukari ɗaya da gwangwanin ruwa ɗaya, a sa a cikin akwati da yamma, a jefa ƙirare a kai don kada su nutse. Kada a ba su zumar kasuwa, tana iya ɗauke da cuta, ƙanshinta kuma yana jawo 'yan fashi daga wasu gidaje. A sa akwati a inuwa, a ajiye ruwa kusa, a rage ƙofa, a shafa baƙin mai a ƙafafun abin da aka ɗora shi ko a zuba toka, saboda tururuwa da kwarkwasa. A nisanta shi da makaranta da turken dabbobi da hanyar rijiya, domin laushin da gungu ke nunawa ranar kamu na ƙoshi ne, in ya kafu zai koma halinsa, zuma da zaƙi da harbi. Wanda gonarsa ke kusa da masu noman rani, irin na bakin madatsun Guzuguzu da Magaga, ya roƙi maƙwabta su riƙa feshin magani da yamma bayan zuma ta koma gida.

Kammalawa

Bari in koma Kutama. A lokacin ba mu san wani mai akwatin zamani kusa da za a ari saƙa wurinsa ba. Dattijon nan ne, bayan na yi masa wannan bayani, ya ce, "Malam, in dai 'ya'ya ake so, ai ina da su." Bayan sallar isha'i ya hau, ya buɗe wata amya, ya yanko saƙa kamar tafin hannu mai ƙwai da tsutsa. Muka ɗaure ta a sanda da zaren kaba muka rataya a akwatin. Bayan kwana uku saurayin ya duba, ba kwanson gyaɗa ko ɗaya. Na ce masa ya ɗaure hannunsa mako biyu. Da na koma, muka zare sabuwar farar saƙa, ga ƙwai ɗaya ɗaya a kowane gurbi, a jere kamar shuka. Budurwa ce, tana ciki tun ranar farko, har yau kuma ba wanda ya gan ta a cikinmu. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sarkin da ke yin ƙwai, ai uwa sunansa."

Ɗalibai, ga aiki a gabanku. Masu amya suna tsufa, manyan bishiyoyin da ake ɗora ta suna ƙarewa a murhu, kalmomin sana'ar kuma suna tafiya tare da masu su. Ku je ƙauyukanku ku rubuto su kamar yadda aka faɗe su, sa'an nan ku auna kowace da abin da bincike ya tabbatar. Ku kuma ma'aikata, musamman malaman gona, in za ku raba wa manoma akwatuna, ku raba su bibbiyu ko fiye a wuri guda, domin mai akwati ɗaya ba shi da inda zai ari saƙa ranar da shakka ta kama shi.

Shugaba, a nan zan tsaya don a sami lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai Allah Ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure masana su gyara mini.